Windows 11 ba kayan sallah ba ce

Jama'a, akwai wata magana da ke yawo a Daura da kewaye tun da kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, kuma idan aka yi shiru za a ci gaba da cutar mutane da kuɗinsu. Maganar ita ce wai duk wanda bai sa Windows 11 a kwamfutarsa ba an bar shi a tasha. Sai ka ga magidanci ya ɗauki laftof ɗin gida, wadda yara ke gwajin JAMB a kanta, uwargida ke lissafin sana'arta, ya kai shago ya ce, "A sa min sabuwar nan." Yaron shago ya zaro filashi daga aljihu, ya yi mata fomatin, bayan awa guda ya miƙo ta. A biya, a yi godiya, a tafi. Ba wanda ya tambaya ko kwamfutar za ta iya ɗauka, ba kuma wanda ya tambaya daga ina aka samo abin da ke cikin filashin nan.

Ra'ayina a fili yake, kuma ba zan yi kwana-kwana ba. Mun bar wa filashin mai gyara hukuncin da mu ya kamata mu yanke. Abin da ke cikin filashinsa shi ne abin da ke mulkin kwamfutocin gidajenmu, daga Daura har Zango, daga Sandamu har Baure. In Windows 7 ce a ciki, ita za a zuba maka. In wata yankakkiyar Windows 11 ce da wani ya sauke daga shafin da ba a san mai shi ba, ita za ka kwasa ka kai wa iyalinka. Wannan sakaci ne, kuma mu da muka yi boko mun fi kowa laifi a ciki, domin mu ake tambaya a unguwa.

Bari mu fara da abin da ya faru. An fitar da Windows 10 a watan Yulin 2015. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina aiko mata da gyare-gyaren tsaro na kyauta da ya saba aikowa duk wata. Kwamfutarka ba za ta mutu ba, za ta kunnu, za ta buga takarda, za ta buɗe intanet kamar jiya. Abin da ya canza shi ne faci. Kowace babbar manhaja tana da ɓarakar da ake ganowa a hankali, kamar yadda damina ke tona asirin soro. Da, in an gano ɓaraka, kamfanin zai aiko da faci ya toshe. Yanzu in an gano, haka za ta zauna a buɗe, kuma ɓarayin intanet su ne suka fi kowa saurin jin labarinta.

Wanda yake ganin wannan tsoratarwa ce kawai, ya tuna watan Mayun 2017, lokacin da wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150 tana neman kuɗin fansa. Asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya da dama. Abin takaicin shi ne Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan ɓarakar tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya rutsa da su, galibinsu waɗanda ba su sa facin ba ne. To in wanda aka ba faci ya ƙi sawa ya sha wannan wahala, ina ga wanda aka daina ba shi facin gaba ɗaya?

Don haka tambayar da ta dace mutum ya yi wa kansa ita ce: wace manhaja ce kwamfutata za ta iya ɗauka, wadda har yanzu ake aiko mata da faci, kuma za ta yi min aikin da nake so? Mu kuwa tambayar da muke yi ita ce wacce ake yayi. Daga nan aka rabu gida biyu, kuma kowane gida ina da magana da shi.

Gida na farko 'yan yayi. Su ne masu cewa ko ta halin ƙaƙa sai Windows 11. Ku saurara da kyau. Tun da aka fitar da ita a watan Oktoban 2021, Microsoft ya gindaya sharuɗɗa. Sai kwamfuta tana da RAM aƙalla gigabait 4, da wurin ajiya gigabait 64, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan firosesarta, in ta Intel ce, ta kasance zubi na takwas ko sama, in ta AMD ce kuma daga Ryzen 2000 zuwa sama, in ban da 'yan ƙalilan da aka yi wa sassauci. Zubi na takwas ya fara fitowa ne a ƙarshen 2017. Ke nan yawancin laftof ɗin da aka ƙera kafin wannan lokacin ba sa cikin lissafi, komai kyawun jikinsu.

Yaron shago ya san wannan. Ya kuma san dabarar da ake yi a tsallake shingen, domin dabarar ba ɓoyayya ba ce. Zai tsallake, Windows 11 ta hau, ka ga fuskarta mai sheƙi ka yi murna. Abin da ba zai gaya maka ba, watakila ma shi kansa bai sani ba, shi ne Microsoft ya faɗa ƙarara cewa kwamfutar da aka cusa wa Windows 11 ba tare da ta cika sharaɗi ba, ba ta da tabbacin samun sabuntawa. Kuma ita Windows 11 ɗin ba abu ɗaya ba ce. Duk shekara ana fitar da sabon bugu, kuma kowane bugu na gida wata 24 kawai ake yi ana kula da shi. Bugun 2023, wanda ake rubutawa 23H2, wa'adinsa 11 ga Nuwamban 2025. Kwamfutar da ta cika sharaɗi da kanta take hawa sabon bugu. Wadda aka cusa wa da ƙarfi galibi a bugun da aka zuba mata take tsayawa, har wa'adinsa ya cika ba ka sani ba. Ka gudu daga Windows 10 don an daina yi mata faci, ka faɗa Windows 11 da ita ma ba a yi mata. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Ga kuma nauyi. Laftof mai RAM gigabait 4 da tsohon faifan ajiya mai juyawa, in ka ɗora mata Windows 11, sai ka kunna ta ka je ka yi alwala ka dawo tana nan tana tunani. Daga nan sai a koma shago a ce ta yi nauyi, sai a ce ai akwai "mara nauyi", wato wadda wani ya yanke mata sassa ya ɗora a intanet. Me ya cire, me ya ƙara? Ba wanda ya sani. Sau da yawa abin da ake fara cirewa shi ne hanyar sabuntawa da manhajar tsaron da ke zuwa da Windows ɗin, domin su ne ke cin ƙarfi. An sauke maka ƙofar gida don iska ta riƙa shigowa, kai kuma kana yabon sanyi.

Sai maganar kirak. Wannan ita ce ta fi ba ni haushi, domin a lokuta da yawa ba ma buƙatarta ko kaɗan. Tun zamanin Windows 8, manyan kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo suna dasa lasisin Windows a cikin allon kwamfutar tun daga masana'anta. Yawancin laftof ɗin gwanjo da ake kawo mana daga ofisoshin Turai da Amurka da lasisinsu suke zuwa. In aka zuba musu Windows ta asali, irin wadda ta dace da lasisin, da zarar sun hau intanet su da kansu suke tabbatar da kansu. Kuma hawa daga Windows 10 mai lasisi zuwa Windows 11 kyauta ne ga kwamfutar da ta cancanta. Amma sai a share wannan duka, a zuba ta cikin filashi, a kashe manhajar tsaro domin ta ƙi yarda da kirak ɗin, a danna. Ka lura fa: manhajar tsaron ce ta ce wannan abu haɗari ne, sai aka sallame ta don abin ya shiga. Mai gadi ya ce bai yarda da baƙon nan ba, sai aka kori mai gadin aka ba baƙo makulli.

Gida na biyu 'yan a bar mu yadda muke. Waɗannan yawanci tsararrakina ne, ma'aikata da malaman makaranta da muka koyi kwamfuta a zamanin XP da Windows 7. Za ka ji mutum yana cewa, "Ni fa Windows 7 na sani, ba ta taɓa ba ni matsala ba." Yallaɓai, an daina yi wa XP faci tun Afrilun 2014, an daina yi wa Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020. Google ma ya tsayar da Chrome na Windows 7 a bugu na 109 tun farkon 2023. Burauzar da kake shiga akwatin saƙonka da ita, kake cike fom ɗin makarantar yara, kake biyan kuɗi ta Remita, shekaru ke nan ba a taɓa ta ba. Cewa ba ta taɓa ba ka matsala ba, ai ɓarawon kirki ba ya barin sawu. Muguwar manhajar zamanin nan ba ta zuwa da hayaniya. Lafewa take yi ta kwashe kalmomin sirrin da ka adana a burauza ta aika, kai kuma kana nan kana buga takardarka lafiya lau.

Na san amsar da za ta biyo baya, domin na sha jin ta a majalisa: "Mu talakawa me za a sata a wurinmu?" To mu lissafa. A cikin laftof ɗin gida akwai hoton takardar NIN ta kowa da kowa, akwai takardun makaranta, akwai takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma, akwai takardar albashi, wani ma har lambar BVN ya rubuta ya ajiye. Akwai hotunan iyali, har da waɗanda ba ka so baƙo ya gani. Akwai akwatin saƙonka, wanda duk wanda ya shige shi zai iya canza kalmar sirrin Facebook ɗinka. Mu nawa ne a nan muka taɓa samun saƙo daga shafin wani ɗan uwa wai yana cikin matsala a turo masa kuɗi, daga baya ya fito yana ba da haƙuri an yi masa kutse? Ba duka ta kwamfuta ake shiga ba, gaskiya ne, amma tana daga cikin ƙofofin. Ɗan damfara ba arzikinka yake nema ba. Sunanka yake nema, da amanar da mutane suka ba sunan. Wannan kuwa talaka ma yana da ita, wani lokacin ma ita kaɗai ya mallaka.

Mu ma'aikata kuma akwai ƙarin nauyi a kanmu. Wa bai taɓa ɗauko aikin ofis a filashi ya ƙarasa a gida ba? Jerin sunayen ma'aikata, sakamakon ɗalibai, bayanan marasa lafiya, duk suna bi ta kwamfutocin gidajenmu, sannan filashin ya koma ofis da abin da ya kwaso. Tun watan Yunin 2023 Nijeriya take da dokar kare bayanan jama'a. Ko babu doka ma, amana ce.

Yanzu mu je kasuwa, domin a nan ne babbar cutar take tafe. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 a duniya za su iya zama shara saboda ba za su hau Windows 11 ba. Ina kuke tsammani kaso mai tsoka na waɗannan zai nufa? Ofisoshin Turai da Amurka suna sauke su, 'yan kasuwa suna lodawa a kwantena, su sauka Legas, su bi ta Computer Village a Ikeja, su iso Kano, daga nan su shigo mana. Za ka gan su fes, jiki kamar sabo, an rubuta Core i5 ko Core i7, an riga an cusa musu Windows 11 don su burge mai saye. Mai shago ya ce maka, "Alhaji, i7 ce fa, ga Windows 11 a kai." Ka ƙirga albashin watanni ka ba shi.

Abin mamaki, mutumin da ba zai sayi rago ranar Lahadi a kasuwar Mai'adua ba sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙori, shi ne zai sayi laftof don ganin sheƙin murfi. Ita ma kwamfuta tana da haƙori, kuma dubawar ba ta kai minti biyu ba. Ka sa a buɗe maka bayanin firosesa. Za ka ga an rubuta abu kamar i5-6300U ko i7-7500U ko i5-8250U. Lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce zubin. Ta farko zubi na shida ce, ta biyu na bakwai, ta uku na takwas. In lambobin biyar ne, kamar i5-10210U, to biyun farko za ka karanta, zubi na goma ke nan. A ma'aunin Windows 11, i5 zubi na takwas ta wuce, i7 zubi na shida ta faɗi. Ba cewa nake kada a sayi tsohon zubi ba. Cewa nake a saye shi da sani, a farashin da ya dace da shi, ba a farashin wadda ke da sauran shekaru a gaba ba.

Kada kuma a ɗauka ina wanke Microsoft. Laftof zubi na shida ko na bakwai, in an sa mata SSD da RAM gigabait 8, za ta yi duk aikin da gidan ma'aikaci ke buƙata ba tare da gajiya ba. Kamfani ya zauna a Amurka ya ja layi ya ce daga nan zuwa ƙasa ku je ku sayi sabuwa. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, wannan magana ce ta wanda bai san zafin nema ba. Sun ce don tsaro ne, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ai su ma sun san wanda zai ci ribar sayen sababbin kwamfutocin. Da ƙungiyoyin kare masu saye a Turai suka matsa, sai kamfanin ya sassauta wa mutanen can sharaɗin samun ƙarin shekara guda ta faci kyauta. Su suna da masu yi musu magana. Mu ma muna da NITDA, muna da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya. Aikinsu ne su wayar da kan jama'a a kan wannan, da Hausa, a gidajen rediyon da mutanenmu ke saurare, kuma su sa ido a kan abin da ake shigo mana da shi da sunan gwanjo.

To me za a yi? Ga yadda nake ganin abin, daidai ruwa daidai tsaki.

Na ɗaya, in kwamfutarka ta cika sharaɗi, ka hau Windows 11, amma ta asali. Akwai 'yar manhajar Microsoft mai suna PC Health Check da za ta gaya maka ko ta cancanta. Wani lokacin TPM ɗin yana nan, a kashe kawai yake, mai gyara zai iya kunna shi cikin minti biyar. Hawan ta cikin Windows Update ake yi, ko a sauke ta daga shafin Microsoft kansa. Ba sai an yi fomatin ba, ba sai an yi kirak ba. Kuma kafin a taɓa komai, ka kwafe takardunka da hotunanka a wani wuri daban. Masu kuka da "an goge min komai" sun yi yawa.

Na biyu, in ba ta cika sharaɗi ba amma Windows 10 ɗinka mai lasisi ce, akwai shirin ƙarin wa'adi da ake kira ESU, wanda ke ba da facin tsaro har zuwa 13 ga Oktoban 2026. Sai kana kan bugun 22H2, kuma sai kana da asusun Microsoft. Ana iya biyan dala 30, wanda a canjin 2025 ya haura naira dubu arba'in, amma akwai hanyar shiga ba tare da biya ba, in ka yarda a adana saitunan kwamfutarka a asusun naka. Don sanin bugun da kake kai, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta winver. Wannan shiri rumfa ce ta fakewa kafin ruwa ya ɗauke, ba gidan zama ba. Amfaninsa ya ba ka lokacin yin shiri.

Na uku, kuma nan ne na san za a yi min ca, shi ne Linux. Da an ambaci sunan sai a ce ai wannan ta ƙwararru ce. Wayar Android da ke hannunka a kan tushen Linux aka gina ta, kuma ba ka je jami'a ba kafin ka iya ta. Akwai nau'in da ake kira Linux Mint, fuskarta ta fi kama da Windows 7 da kuke kewa fiye da yadda Windows 11 take kama da ita. Kyauta ce ta halal, ba kirak, ba lasisi. Bugu na 22 ana yi masa faci har 2029. Tana tafiya sumul a kan tsofaffin kwamfutocin da Microsoft ya yasar. Tana zuwa da Firefox da LibreOffice, wadda ke buɗe takardun Word da Excel, ana kuma iya sa mata Chrome. Har allon rubutun Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ akwai a ciki, kamar yadda yake a Windows. Ana iya kunna ta daga filashi a gwada ba tare da an goge komai ba. Jihar Schleswig-Holstein a Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux. Gwamnatin jiha ce fa a Jamus, ba 'yan wasa ba.

Zan faɗi aibinta don kada a ce na ɓoye. CorelDRAW da Photoshop da AutoCAD ba sa aiki a kanta kai tsaye. Mai shagon buga katin biki da kalanda, ko ɗalibin zanen gine-gine, ba ita ce tasa ba. Takardar Word mai tebura da ado da yawa takan ɗan karkace in an buɗe ta a LibreOffice. Wasu manhajojin gwajin JAMB don Windows kaɗai aka yi su, sai a duba kafin a yanke shawara. Wata firintar ma sai an sha fama. Amma gidan da aikinsa shi ne intanet, buga takarda, lissafi, kallon karatu da darussa, wallahi Linux Mint ta fi masa alheri sau goma a kan Windows 11 ta cushe mai kirak.

Na huɗu, in akwai wata tsohuwar manhaja da sana'arka ta dogara da ita, wadda sai a tsohuwar Windows take tafiya, to ka bar kwamfutar a kan aikinta amma ka raba ta da intanet, ka kuma daina soka mata kowane filashi. Harkar banki da saƙonni a yi su a wani wurin.

Kuma kafin ka ce kwamfutarka ta tsufa, ka fara gwada canza mata faifan ajiya zuwa SSD, ka ƙara RAM. Kuɗin bai kama ƙafar na sabuwar kwamfuta ba, kuma mafi yawan abin da muke kira tsufa, wannan ne maganinsa.

Akwai uzurin da nake karɓa, shi ne na data da wuta. Sauke Windows 11 kaɗai ya haura gigabait 5, ga sabuntawar wata-wata, ga shi tun farkon 2025 aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin ɗari. Ga wutar da ba ta da alƙawari, kana tsakiyar sabuntawa a ɗauke, batirin gwanjo kuma ba ya riƙe awa guda. Shi ya sa mutane da yawa ke cewa mai gyara ya kashe musu sabuntawar gaba ɗaya. Na fahimci dalilin, amma ban yarda da maganin ba. A cikin Windows akwai inda za ka nuna mata cewa datarka a ƙirge take, sai ta rage zuƙa. Sannan ka ware rana ɗaya a wata, ka sayi datar dare mai rahusa ko ka je inda ake da wadatacciyar intanet da sola, ka bar ta ta sha facinta. Muna ware kuɗin canza baƙin mai a babur duk wata ba tare da gardama ba. Wannan ma haka yake.

Ga ƙannenmu masu gyara, ba faɗa nake da ku ba. Yawancinku da ƙoƙarin kanku kuka koyi sana'ar nan a lokacin da aikin gwamnati ya zama sai mai uwa a gindin murhu, kuma kun fi masu zaman kashe wando daraja nesa ba kusa ba. Na kuma san sau da yawa mu ne ke matsa muku, mu ce sabuwa muke so kuma ba ma son biya. Amma sana'a amana ce. Ku riƙe filashi uku maimakon ɗaya: Windows 11 ta asali, Windows 10 ta asali, da Linux Mint. Ku duba firosesa kafin ku taɓa komai. Ku duba ko akwai lasisi a jikin kwamfutar kafin ku ɗauko kirak. Ku gaya wa mutum gaskiya, "Baba, wannan ba za ta ɗauki 11 ba, ga abin da ya fi." Wanda ya ji haushi yau, shi zai kawo muku 'yan uwansa gobe.

Kuma garin da ke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, da Kwalejin Yusufu Bala Usman, bai kamata a ce filashin da ba a san asalinsa ba ne ke yanke wa gidajensa hukunci ba. Ɗaliban kwamfuta na waɗannan makarantu za su iya ware Asabar ɗaya a wata, mutane su kawo laftof a duba musu zubi da lasisi, a nuna musu Linux su gani da idonsu. Su sun samu gogewa, jama'a sun samu mafita. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, yaranmu na Mai'adua da Baure da Zango da kwamfuta za su yi gogayya da yaran Legas. Tsohuwar laftof ɗin da ke gida ita ce ajinsu na farko. Bai dace a jefar da ita don wani kamfani ya ja layi ba, bai kuma dace a cika ta da abin da zai sayar da sirrin gidan ba.

Duk wanda ya karanta har nan, ya yi abu ɗaya yau: ya kunna kwamfutarsa, ya duba zubin firosesarta, ya rubuta winver ya ga bugun da yake kai. In ya rasa gane abin da ya gani, ya rubuto lambobin a ƙasa, akwai masana a cikinmu da za su taimaka. Masu gyara kuma da ke ganin na matsa musu, ga fili nan, ku kawo hujjarku mu ji. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu.